Tace Ruwan Ƙofar Gidanmu

A shekarata ta farko ta koyarwa, a wata firamare da ke Kurmin Mashi, aka ba ni darasin kimiyya na 'yan aji biyar. Damina ta yi nisa lokacin da muka iso kan tace ruwa. Littafin ya zana gora a kife, da tsakuwa da yashi da gawayi a ciki, amma ni ban taɓa haɗawa da hannuna ba. Na ce gara in gwada a gida ranar Asabar kafin in ji kunya a gaban yara.

Na yanke gindin gorar roba, na cusa auduga a bakinta, na kife ta a kan kofin gilashi. Yashi da tsakuwa na roƙo wurin magina a layinmu na Kawo. Gawayi kuwa na ɗiba a buhun mahaifiyata, na daka shi lilis a turmi. Sai na kamfato ruwan da ya kwanta a ƙofar gida, jajawur da shi, na tsiyaya a kai.

Abin da ya ɗigo cikin kofin baƙi ne wuluk.

Mama tana zaune tana tsince shinkafa. Ta ɗago kai ta ce, "Kin wanke gawayin kuwa?"

Na ce, "Littafin bai ce a wanke ba, Mama."

"To ai shi bai taɓa hura wuta ba. Miƙo min rariya."

Ta sa na farfasa wani gawayin, ba dakan gari ba, ta tankaɗe ƙurar, muka yi ta ɗauraye shi har ruwan ya daina baƙi. Yashin ma sai da muka wanke shi sau biyar. Da na sake haɗawa, ruwan ya riƙa ɗiga a hankali, har na ƙosa, amma ya fito garau. A nan na gane dole in zuba shi tun farkon darasi, in yi bayani yana sauka.

Mama ta ɗaga kofin ta duba, ta ce, "Za su ce za su sha. Kar ki yarda. Idonsa ne kawai ya washe, sai an tafasa."

Ranar Litinin na raba ajin gida huɗu, kowane da gorarsa, muka tsiyaya jan ruwa a kai. Kafin ruwan ya kai rabin kofi har an fara roƙona a ɗanɗana, na hana. Da aka tashi, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta tsaya a bakin tebur.

"Malama, rijiyar gidanmu ma haka take yin ja idan an yi ruwa. Zai yi da bokiti?"

Na faɗa mata gaskiya, ban taɓa gwadawa ba. Ranar Alhamis sai ga ta da tsohon bokitin fenti, babanta ya riga ya huda gindinsa da ƙusa. Muka ɗora shi a kan bulo biyu a bayan aji, muka fara wanke yashi.