Kwanon Mai Taba

Bazarar da iska ta yaye rufin firamaren ƙauyenmu, can kusa da Zango, ina bakin rijiya na ga kwano yana yawo a sama kamar faifai. Ni ba a sa ni boko ba, aikina surfe da ɗiban ruwa da tallar ƙuli-ƙuli a ƙofar makaranta, amma yayyena maza suna ciki, ga damina ta ƙarato. Aka ce a yi gidauniya, aka ɗora wa Baba shugabancin kwamitin iyaye, don kowa ya san ba ya wasa.

A zaurenmu suka zauna tantance waɗanda za a karɓi gudummawarsu, ni kuwa ina shiga da ruwa, ido na aikinsa. Sarkin fawa ya wuce, mai injin niƙa ya wuce. Da aka zo kan Ɗanjuma mai tabar gari, wanda ya ce zai sayi kwanon duka in za a rubuta sunan shagonsa a bango, sai zaure ya ɗau zafi. Baba ya ce, "Ba za mu rufe 'ya'yanmu da kuɗin taba ba." Ya juya ya tsartar da jan yawu bayan ƙofa, don a lokacin ma tana bakinsa. Dattawa suka gyaɗa kai, kowa leɓe a kumbure.

Washegari Baba ya miƙo mini battarsa in sayo masa. Ɗanjuma ya jujjuya ta, ya mayar mini wayam. "Delu, ki ce masa ina tsoron ɓata tarbiyyar shugaba." Haka ya sallami 'yan aiken duk 'yan kwamiti. Mu muka ɗanɗana kuɗarmu a gida: Baba ya yi faɗa da Inna kan gishirin miya, ya zagi jaki, ya kori kaji. Kafin kasuwa ta zagayo aka sake zama, aka gano ashe kwano ba ya warin taba. Aka karɓa, aka rubuta sunan a bangon baya, inda awaki ke kwana. Ruwan farko ya tarar da aji a rufe.

Yanzu ɗana ne a kwamitin makarantar jikokina nan Daura, masu shagon cacar ƙwallo ke kawo musu tayi har da riguna. A waya suke gama shawara, ba shimfiɗa tabarma, ba wanda ya san wa ya ce me. Dattawan da, ko za su lashe maganarsu, a gaban kowa suke lashewa.