Abdulwadud da Amanar Kwarin Teku

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. A safiyar Asabar, goma sha takwas ga watan Rajab na shekarar 1446, Allah Ya karɓi ran Abdulwadud ɗan Abdulƙadir, wanda mutanen Makka suka fi sani da Abu Muhannad, yana da shekara hamsin da bakwai. Ya cika a gefen titi, a tsakiyar hawan Kwarin Teku, kansa yana bisa cinyata. Washegari bayan La'asar aka sallace shi a Harami, muka raka shi makwancinsa a maƙabartar Shara'i.

Yau kwana tara ke nan, Yaya Abdulwadud. Sau huɗu ina fara wannan rubutu ina yagawa, domin duk lokacin da na jera alheranka sai in tarar na tsallake abu guda da ba na son faɗa. Wannan karon zan faɗe shi. Amma bari in fara da kai.

Shekara shida da suka wuce na zo daga Kano karatun hadisi, na kama ɗaki a unguwar Kudai a nan Makka. Zama a kan littafi ya sa na yi nauyi, likita ya ce sukarina ya hau. A masallacin da ke kusa da garejin da kake gyaran motocin alhazai ka ji ina yi wa wani ƙorafi, sai ka juyo, ba ka ma san sunana ba, ka ce, "Ustaz, karatu ba ya ƙona sukari. Ka iya keke?" Na ce rabona da keke tun ina firamare. Washegari sai ga ka a ƙofar gidanmu da tsohon kekenka. Ka tsuguna ka daidaita mini sirdi, ka shafa wa sarƙa mai, ka ɗora mini hular kwano a ka, kana dariyar yadda ta zauna a kan Malam Hussaini mai hadisi.

A hankali na san tarihinka. A unguwar Nakkasa aka haife ka, a gidan da kakanka ya gina bayan ya tako da ƙafa daga Haɗeja ta Sudan. Da rusau ya zo kan unguwarku, maƙwabtan shekara arba'in suka watse, wasu Jidda, wasu bayan gari, kai ka dawo gidan haya a Kudai. Ka taɓa ce mini ba bangon ne ya dame ka ba, abin da ya dame ka shi ne ka wayi gari babu wanda zai kira ka da sunan da mahaifiyarka take kiranka. Shi ya sa ka bi abokan ƙuruciyarka ɗaya bayan ɗaya a waya, ka ce kowa ya nemi keke. Mu goma sha biyu muka zama, ni kaɗai ne baƙo a ciki. Duk Asabar bayan Asuba mukan ɗaure kekuna a bayan motoci mu nufi bakin Bahar Maliya.

Kai ka raɗa wa wurin suna Kwarin Teku. Daji ne da aka killace, babu gida, babu shago, sai duwatsu tsaye hagu da dama, da itatuwan ƙaya, da raƙuma jefi-jefi. Titin kwalta ne siriri yake lanƙwasawa a cikinsa, hawan kilomita tara, idan mutum ya kai ƙarshe sai duwatsun su buɗe, ga teku shimfiɗe a ƙasa. Ka fi kowa ƙarfin ƙafa, amma ban taɓa ganin ka riga kowa isa sama ba. Kullum kana baya tare da wanda ya fi gajiya. Ranar hawana na farko, da numfashina ya sarƙe na ce zan sauka in tura, sai na ji tafin hannunka a gadon bayana. Da hannu ɗaya kake tuƙi, da ɗayan kake tura ni, kana cewa, "Shuwayya-shuwayya, Ustaz, sannu a hankali, kada ka dubi sama, dubi tayarka." Da muka isa ka shaida wa jama'a cewa ni na hau da kaina.

Haka kake ko ba a kan keke ba. Wata shekara a Muzdalifa, bayan rana ta fito jama'a sun wuce Mina, ka tarar da wata tsohuwa mai suna Hajo, 'yar ƙasar Nijar, zaune ita kaɗai tana kuka, ayarinta ya tafi ya bar ta. Ba ta jin Larabci. Ka ajiye kayan aikinka ka riƙe jakarta, kuka yi ta bin tantuna har bayan Azahar kafin ka sada ta da mutanenta. Ba daga bakinka na ji labarin ba, abokan aikinka ne suka ba ni a wajen zaman makoki.

Yanzu ga abin da nake tsallakewa.

Mako uku kafin rasuwarka, muna tsakiyar hawa mu biyu a baya, na ga ka tsaya babu dalili. Ka sauka ka zauna a kan dutse, ka dafe ƙirji, gumi yana zuba daga fuskarka alhali iska mai sanyi ke kaɗawa. Da abin ya lafa ka ce wannan ne karo na uku. Na ce mu juya mu tafi asibiti yanzu. Ka kama hannuna ka ce, "Amana ce, Ustaz. Kada Ummu Muhannad ta ji. Idan ta ji, halas, shi ke nan, za ta kulle keken nan, ni kuma ban da shi me ya rage mini?" Na ce na yarda, da sharaɗin ka ga likita a cikin makon. Ka ce in sha Allah. Sau biyu na tambaye ka bayan haka, sau biyu ka mayar da maganar wasa, ni kuma na bi ka muka yi dariya, don ina jin nauyinka.

A safiyar ranar ɗanka Muhannad ne ya kawo ka wurin haɗuwarmu, zai wuce Jidda. Na ga fuskarka ta yi fari. Muhannad ya leƙo ta tagar mota ya gaishe ni a matsayin baffansa, ya ce, "Ammu Hussaini, ga Baba nan a hannunka." Na buɗe baki, na dube ka, ka girgiza mini kai kaɗan. Sai na ce masa ya sauka lafiya.

Da aka fara hawa ka ce in wuce, yau kana so ka ga ƙarfina. Na wuce. Allah Ya sani, har daɗi na ji da na waiwaya ban hango ka ba, na ɗauka ƙafata ce ta yi ƙwari. Na isa sama wajen sauran, muka tsaya muna shan ruwa muna kallon teku. Minti goma, minti goma sha biyar. Ba ka iso ba. Na juya keke na gangara, Mish'al, abokinka tun Nakkasa, yana biye da ni. A lanƙwasa ta uku muka same ka. Ka jingine kekenka a jikin dutse, ka cire hularka, kana zaune a ƙasa. Waya ba ta kamawa a cikin kwarin, don haka Mish'al ya gangara da gudu neman inda zai kira motar asibiti. Na ɗora kanka a cinyata ina laƙƙana maka kalmar shahada. Ka faɗe ta sau biyu, a fili, ban yi shakkar haka ba. Kafin motar ta iso ka riga ka tafi.

Na karanta babin ƙaddara, na kuma karantar da shi. Na san ajali ba ya gaba, ba ya baya. Amma na kuma san an umarce mu da neman magani, kuma akwai amanar da riƙe ta zalunci ne ga wanda ya ba da ita. Wannan ban gane shi ba sai da na wanke ƙurar titin daga gemunka.

A rana ta uku, bayan masu gaisuwa sun ragu, na roƙi Muhannad ya yi mini iso wajen mahaifiyarsa, Hajiya Safara'u. Ta zauna a bayan labule. Na faɗa musu komai, ban rage ba, har da safiyar da ya ce ga Baba nan a hannuna. Muhannad ya dube ni, ya tashi ya fita. Har yau bai ɗauki wayata ba, kuma ban ga laifinsa ba. Hajiya kuwa ta ce, "Malam Hussaini, shekara talatin da ɗaya ina zaune da shi, ban taɓa iya hana shi abin da ya sa a gaba ba. Wataƙila wannan ma da ban iya ba. Amma da ka faɗa mini, da na gwada." Daga nan ta ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, ta sa aka kawo mini shayi. Ban iya sha ba.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce babu wanda ya fita a cikinmu. Mish'al ya ce a mako mai zuwa za su koma, don kada abin da ka haɗa ya sake watsewa. Ni ban san ko ƙafata za ta iya wuce lanƙwasar nan ba. Abin da na yi kawai shi ne na kira su ɗaya bayan ɗaya, na ce duk wanda ya gaya mini ciwonsa, ya sani iyalinsa za su ji kafin rana ta faɗi.

Ya Allah, bawanKa Abdulwadud ya zo gare Ka daga maƙwabtakar ƊakinKa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka tabbatar da shi a wajen tambaya, Ka sanya Aljannar Firdausi ta zama masaukinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Safara'u, da Muhannad, da ƙanwarsa Mujahida, da dukkan mutanen Nakkasa a duk inda rusau ya kai su. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku a bayansa. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka san abin da na gani da abin da na yi shiru a kansa. Ka yafe mini, Ka sanya wa iyalansa ikon yafe mini, idan tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.