Rijiyar da Gwaggo Ta Auna da Waƙa

Talata: Sakkwato zuwa Tursa

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida, saboda wayar da Kawu Bello, mai garin tungarmu, ya yi mini. Famfonmu ya ƙafe, gida shida sun ɗaure kaya za su tashi. Dabara guda ta rage: a tono tsohuwar rijiyar da kakanmu ya kafa tungar a kanta, wadda yashin ambaliya ya binne tun ba a haife ni ba. Cikin waɗanda sunka sha ruwanta, Gwaggo Hajo ce kaɗai ke da rai, kuma aure ya kai ta Tursa.

Bakwai da kwata muna Rabah, bayan shingen bincike biyu. Na karya da ƙosai, na hau babur. Na iske Gwaggo tana ɓarar wake, idanu sun tafi amma baki na nan daram.

"Mi ya kawo ka, ɗan birni? Wani ya mutu?"

"Rijiya muke nema, Gwaggo."

"Yau kunka tuna da ni? Ɗauko mini sandata!"

Laraba: Goronyo zuwa tunga

Daga Tursa munka wuce Goronyo, mun kwana gidan wani dillalin albasa, tuwon dawa da miyar kuka. Tara daidai a-kori-kura ta ɗauke mu ta hanyar Kagara. Direba ya ce tsohuwa ta shiga gaba, ta ce ita ba amarya ba ce, ta hau kan buhu.

Sha ɗaya munka isa. Na ga amalanke ƙofar gidan Kawu Sani, ɗaya cikin masu shirin tashi, da gado a sama.

Gwaggo ta ce a tsayar da ita ƙofar gidan mahaifinta, a aza mata tulu. Tana budurwa, in ji ta, waƙar ɗibar ruwa take yi, baiti uku, ƙarshen na ukun bakin rijiya ne, in ta miƙe gabas. Ta tafi tana waƙa, gari duka na biye. Inda ta tsaya anka sa diga. Har la'asar, busasshen yashi. Kawu Sani ya kaɗe hula ya ce shi gobe zai wuce.

Ardo Jaɓɓi, wanda rugarsu ke shan ruwa ɗaya da mu tun kakanni, ya yi dariya.

"Hajo, da ƙafar wa kika auna? Ta yau, ko ta budurwa?"

"Kai, Bafillace! Ka yi gaskiya, tsufa ya rage mini taki."

Ya kira ɗiyarsa Dije, anka aza mata tulun. Gwaggo na waƙa, Dije na tafiya irin ta mai saurin komawa gida. Ta wuce raminmu da nisa kafin baitin ya ƙare.

Alhamis: tunga zuwa gida

Goma da rabi na safe diga ta bugi dutsen bakin rijiya, inda Dije ta tsaya. Da azahar yashi ya fara fitowa jiƙe. Kawu Sani ya damƙa ya matsa, ya koma gida.

Gwaggo ta ce ba ta komawa Tursa sai ta sha, na bar ta can. Na iso Sakkwato bakwai saura, alhamdu lillahi, Allah Ya saka wa Ardo da direbobinmu. Ina cire takalmi Kawu Bello ya kira: an sauke gadon.