Huɗu Bisa Goma

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Mushe Isufu, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Badagishiri, abokina tun muna makarantar horon malamai. Mushe kuwa, haka ake kiran kowane malamin lakwal a wurinmu. Sanƙarau ne ya ɗauke shi a wata bazara, cikin kwana uku. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ƙare da gyaran rubutun wasu. Bana dai na zauna.

Ina koyarwa a Malbaza, shi yana Badagishiri, amma jarida guda muke karantawa. Ranar Litinin take iso mini daga Yamai. A shafin baya akwai wasan nan na cike akwatuna da kalmomin Faransanci, wasu a kwance, wasu a tsaye. Na kwance nawa ne. Talata in ba direban kamyon siminti mai zuwa Tawa, ya ajiye masa wurin mai shayin bakin kasuwa. Ya cika na tsaye, Alhamis ta dawo. In ƙarasa abin da ya rage, Jumma'a in mayar masa, don shi ke riƙe ta a ƙarshe: yakan yanke zanen barkwancin da ke ƙasan shafin ya liƙa a kaye, wato littafin rubutu. Yana da akwatin ƙarfe cike da littattafan zane-zane, wasu daga kasuwar Konni, wasu daga Sakkwato, a jere bisa lamba. Ko ni sai na wanke hannu kafin ya bar ni in taɓa.

Dokarmu ɗaya ce, ba mu kuma taɓa furta ta ba: da fensir ake cikawa. Wanda ya ga kuskuren ɗan'uwansa ya goge ya gyara, ya yi shiru. Shekara shida muna haka. Na tabbata ya sha goge mini, har yau ban san sau nawa ba.

Mutane kuwa da ban dariya suka san shi. Ba ganga, ba kayan wasa. Benci kawai yake hawa ya fara magana. Yakan zama sufeton makarantu, ya zama jandarma a shingen hanya, ya zama tsohuwar da ta zo ƙarar malami don ya koya wa jikarta cewa duniya na juyawa.

A wata Asabar, bayan la'asar, aka rufe taron malamai a Konni, aka matsa masa ya hau benci. Ya ari tabarau, ya sauke shi kan hanci, ya yi gyaran murya sau biyu. Tun bai buɗe baki ba kowa ya juyo ya dube ni. Ya zauna gaban tuwon da babu shi, ya ɗanɗana, ya dubi matar da babu ita, ya ce, "Shida bisa goma. Miya ta fita daga darasi. A ƙara ƙoƙari." Ya ba liman maki a huɗuba. Ya ba damina maki, ya ce ta maimaita aji. Darakta ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni ma na yi dariya, irin wadda mutum kan yi don kada a ga fuskarsa.

Da aka tashi ya dafa kafaɗata, ya ce, "Garba, ka ba ni nawa?" Na ce masa motar Malbaza za ta tashi.

Talata na aika jarida kamar kullum. Alhamis ta dawo, da kuskure uku a na tsaye. Gom ɗin goge fensir na nan gabana a kan tebur. Na miƙa hannu na wuce shi, na ɗauki jan bik ɗin da nake gyaran jarrabawa da shi. Na ja layi ƙarƙashin kowane kuskure, na rubuta gyara a gefe, a sama kuma na zana huɗu bisa goma na kewaye shi. Na ji daɗin abin har zuwa azahar. Ban lura ba cewa na kammala masa wasansa na kan benci da hannuna.

Jumma'ar da jaridar ta tafi, a ranar zazzaɓi ya kama shi. Litinin da safe direban ya tsaya ƙofar lakwal, bai kashe injin ba, ya ce in hau. Kafin mu isa an riga an kai shi. Na yi zaman makoki kwana uku a zauren gidansa, ina karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwa, tambaya ɗaya na cina: ya gani ko bai gani ba? Matarsa, Dije, ita kaɗai ta sani. Ban tambaye ta ba. Ba na son amsar.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Konni ta cika da gidajen bidiyo, masu barkwanci sun koma cikin kaset. Na san zai biya ya shiga, ya juya wa talabijin baya ya kalli masu kallo. Jaridu sun yi yawa, kowace na zagin ƴar'uwarta, da bai rasa abin hawa benci ba. Akwatinsa kuwa gara ta ci rabi. Sauran Dije ta ba lakwal, ɗalibai suka karanta har bangon ya fita. Da ya yi faɗa da ƙarfi, sannan ya koma gida yana murna. Ni yanzu nake cika na kwance da na tsaye, cikin awa guda na gama, babu mai goge mini.

Watan da ya wuce na je Illela, inda Dije ke zaune wurin yayanta. Bayan gaisuwa na dubi ƙasa, na ce, "Dije, akwai wata jarida da na aiko ran Jumma'ar nan."

"Mai jan rubutu," in ji ta.

"Ya gani?"

"Ya gani mana. Asabar da sahe, kahin wuyan ya ƙage. Ni na riƙa mai ita. Yac ce in miƙo mai gom. Ya goga, ya goga, takarda ta kusa hudewa, sannan ya bari."

"Mi yac ce?"

"Yac ce, ki ce ma Garba huɗu ta yi kaɗan, ko don ƙoƙari ya ƙara mini guda."

"Dariya yake?"

"Wallahi, Mushe, ban sani ba. Ciwon bai barin mutum dariya."

"Shekara sha ɗaya, ba ki faɗa mini ba?"

"Ai ba ka tambaya ba. Na ɗauka ba ka son tunawa."

Tun daga ranar nake juya maganar. Wani lokaci in ji muryar mai benci, in ce wasa ne, ya yafe tun kafin in roƙa. Wani lokaci in tuna mutum kwance da zazzaɓi yana gugar tawada da gom, in ce wanda abu bai yi wa ciwo ba ba ya goga haka. Duka biyun Isufu ne, ba kuma zan san wanne ya yi maganar ba.

Tsofaffin ɗalibansa har yau suna kwaikwayon sufetonsa a wuraren biki, wasu ba su ma san daga wa suka gada ba. Wannan rabon jama'a ne. Nawa rabon, roƙon maki ɗaya ne da ya iso ni a makare, babu inda zan rubuta shi. Allah ya jiƙan Isufu, ya duba takardarsa da sassaucin da ni na kasa.