Ranar da Auta Ya Ji Gishiri

Mai shayin bakin layi ne ya fara gaya wa Inna. Ta fito zubar da shara, ya ce, "Inna, wa ke bin Autanki ne? Kullum aka sallame asuba sai in ga ya wuce a guje. Na leƙa bayansa, ko kare babu."

Ta ce, "Allah Ya kyauta," ta koma ciki. Ko gabanta bai faɗi ba. Tsoro ya riga ya ƙare mata tun bara.

Shi Auta ɗanta ne na ƙarshe, magidanci, da matarsa da 'yarsa guda. Aikinsa amsa waya a wani kamfani. Ɗaki ne dogo babu taga, an jera su kamar kajin gidan gona, kowa da abin ji maƙale a kunne. Duk wanda kamfanin ya ɓata wa rai, su zai kira. A zage shi, a zagi wadda ta haife shi, wato ita Inna ke nan da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Shi kuwa dole ya ce, "Ku yi haƙuri, za a duba." Yana ajiye wannan, wani ya shigo. Ko ban ɗaki sai da izini.

Da can bakin Auta ba ya hutawa. Shi ne mai ce wa Inna hijabin sallarta ya girme shi. Shi ne mai kushe miya, yau yaji, gobe mai. To, a hankali duk abin ya tafi. Ba faɗa, ba dariya. Sai ya dawo ya zauna bakin gado da takalmi a ƙafa, ya ƙura wa bango ido. Ran da 'yarsa ta faɗi ta fasa leɓe, ta nufo shi da kuka, da muryar wayar nan ya ce mata, "Ki yi haƙuri, za a duba."

Matar ta samu Inna a kicin. "Inna, da faɗa yake min da na san da mutum nake zaune. Na haɗa jakata, tana ƙarƙashin gado. Ba barazana nake ba, na gaji ne."

Inna ta roƙe ta ta ƙara jinkiri. Da yamma ta cika tafin hannunta da gishiri ta juye a kwanon miyar Auta, ta ga ko zai yi magana. Ya cinye tas, ya ce an gode. Ita ta lashi cokalin, sai da ta tofar. Daga ranar ko kuka ba ya zo mata a kan darduma. Carbi kawai take ja, Allah Ya san abin da take nufi.

Washegarin maganar mai shayi ta tsaya bakin ƙofa. Ga shi nan ya dawo, riga sharkaf, ya dafe gwiwoyi yana haki.

"Me ka sata?"

"Ba komai, Inna."

"To mece ce ta biyo ka?"

Sai da numfashinsa ya dawo ya ce, "Ran nan motar aiki ta tafi ta bar ni, na bi ta da gudu. Ban same ta ba. Amma da na tsaya sai na ji ƙirjina na zafi, zuciyata na bugawa. Na daɗe ban ji wani abu nawa yana motsi ba. Kuma a hanya babu mai kirana."

Inna ba ta gane ba. Babban mutum yana gudu, ba gobara, ba ɓarawo. Amma ta karɓi rigar ta wanke. Mai shayi kuma ta ce masa ya kula da butarsa.

Abin bai canza nan da nan ba. Yana gudu, yana dawowa, yana kallon bango. Sai dai ya fara barci, ya fara cire takalmi a bakin ƙofa. Inna kuwa jefi-jefi takan ƙara masa gishirin nan, ya cinye, ta ɗauke kwanon.

Wata rana da rana ya kai loma ɗaya, ya tsaya. Ya ɓata fuska.

"Wa ya yi wannan aika-aika? Teku kuka dafa?"

Matar ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ni dai ba ni ba ce."

"To wa? Inna, ke ce? Tsufa ne ya kai ido?"

"Ci ka tashi, marar kunya," in ji Inna.

Matar ta tsaya tana kallonsa, ta daɗe. Sannan ta ɗauke kwanon ta zubo masa wani. Inna ta miƙe ta yi alwala, ta yi raka'a biyu, ba ta gaya wa kowa ta mece ce ba.

Aikin yana nan yadda yake, har yau ana zagin Inna a waya. Wasu ranakun Auta ya dawo da magana, wasu ranakun bango. Jakar tana ƙarƙashin gado, amma an fitar da kayan 'yarsu daga ciki. Yanzu haka an sallame asuba, ya ɗaure takalminsa, ya wuce teburin mai shayi, ya yi wajen gada.