Muryar Kawu Iro Tana Nan a Kasuwa

Kawu Iro bai taɓa tallan abin da bai gwada a jikinsa ba. Duk wanda ya ci kasuwar Wudil ya san muryarsa ko da bai san fuskarsa ba, don shi masu magani da masu sabulu da 'yan koli ke kai wa kayansu ya yi musu kirari, a naɗa a kaset, daga baya a memori, su ɗaura lasifika a baro su yi ta zagaye. Ƙanen mahaifiyata ne, a gidansa na tashi, saboda haka ni na sha warin duk abin da ya gwada. Akwai lokacin da ya daɗe yana shafa wani man gashi a sanƙonsa, ƙudaje na bin sa har masallaci, ko sili ɗaya bai fito ba. Ya mayar wa mai shi da ragowar, ya ce ya nemi wani maƙaryacin.

Wani mutumin Dagumawa ya taɓa kawo masa maganin basir a jarka. Kawu ya shanye kofi guda a gabansa, ya ce ya dawo jibi. Daga nan ba mu sake ganin Kawu a tsakar gida ba sai a guje, da buta a hannu. Da mutumin ya dawo ya tarar da shi kwance a tabarma ya zabge, matarsa Inna Talatu tana yi masa fifita tana faɗa. Duk da haka ya yi tallan. Abin da ya ce shi ne, "Jama'a, ni Iro na sha, yana aiki. Sai dai kada wanda ya sha ranar da zai shiga mota." Kafin la'asar jarkar ta ƙare tas.

Mai maganin ɓera kuwa ya ɗauka ya sami lagonsa, ya tambaye shi ko wannan ma sha zai yi. Kawu ya karɓa ya je ya zuba a bayan rumbu. Da kasuwa ta zagayo ya tsaya a gaban rumfar mutumin, cikin jama'a, ya ce ɓerayen gidansa suna gaishe shi, sun ce in da saura a ƙaro musu, ya fi dusa daɗi.

Mun sha dariyar wannan taurin kai, amma shi ya ciyar da mu. Manomi zai taso daga ƙauye ya sayi abu bai ko duba ba, don kawai Iro ya ce ya gwada.

To ashe mai shagon da ake naɗar muryar, wanda ba zan ɓata bakina da sunansa ba, yana ajiye da duk tallan da Kawu ya taɓa yi. Da wannan abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ya shigo gari, sai ya ɗura masa su gaba ɗaya. Ka rubuta abin da kake so, na'ura ta faɗa da muryar Iro. Ba ta cewa a dawo jibi, ba ta mayar da kaya. Masu kawo wa Kawu aiki suka ɗauke ƙafa, babu wanda ya iya buɗe baki ya gaya masa dalili. Shi kuwa yana zaune a zaure yana cewa kasuwa ce ta mutu.

Ranar da ya gane, ina tare da shi. Muna wucewa ta layin masu magani sai muka ji Iro yana rantsuwa cewa ya sha wani garin magani, yana kashe ciwon suga da hawan jini cikin mako. Kawu ya tsaya cak, ya dubi lasifikar, ya daka mata tsawa, "Ƙarya kake!" Ita kuwa ta ci gaba da rantsuwa. Ya ɗaga sanda ya hau ta da duka, mutane suka kewaye mu suna ɗauka a waya suna ƙyalƙyala dariya. Ni ma na dara, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Daga nan ya wuce shagon, ya ce a fito masa da aljanin na'urar su yi magana. Mai shagon ya ce ai ci gaba ne, kamata ya yi Baba ya yi murna muryarsa ta kai har Kano. Ya juyo masa da kwamfuta. Kawu ya yi sallama, ya tambayi gida da iyali da gajiya, abin yana amsawa da muryarsa cikin ladabi, bai tsallake ko ɗaya ba. Kawu ya juyo ya ce mini, "Ka ji ko, Habu? Ladabi gare shi. Nan kaɗai ya isa a san ba ni ba ne."

Dariya ta ƙare ranar da wata dattijuwa daga Lajawa ta yi sallama a gidanmu. Mijinta ya ajiye maganin suga na asibiti ya koma wa garin maganin nan, saboda ya ji Iro ya sha. An yanke masa ƙafa. Ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Malam Iro, da gaske ka sha?"

Kawu ya tafi wurin liman ya tambaye shi ko ranar hisabi za a ɗora masa abin da aka faɗa da muryarsa. Liman ya ce a'a, Allah ya san wanda ya yi magana. Kawu ya ce Allah ya sani, amma matar Lajawa ba ta sani ba.

Sai ya ari lasifika ya zagaye kasuwa da ƙafa yana shela cewa daga yau duk Iron da aka ji yana talla ba shi ba ne. Tsufa ya dusashe masa murya, ita kuwa na'ura tana riƙe da ta ƙuruciyarsa. Wani baƙo mai sayen tumatir ya dafa shi ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari, amma Iron gaskiya ya fi ka amo."

Daga ranar ya kulle bakinsa. Goro ma da yatsa yake nunawa, gaisuwa kuwa sai ɗaga hannu. Ya rubuta wa Inna a bango da gawayi cewa in an san Iro ya daina magana, dole a gane na kasuwa na jabu ne. Babu wanda ya gane komai. A haka ya rasu, salla kaɗai ke motsa masa leɓe, maganin suga kuma yana ta fita.

Da Inna Talatu ta gama takaba, ta ce in riƙa kai ta kasuwa a babur. Ba ta sayen komai. A kusa da baron mai garin maganin nan take zama, ta sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci, na ce Inna, wannan abin fa shi ya kashe shi, kuma duk ƙarya yake zubawa. Ta ce, "Na sani, Habu. Ai ba maganar nake saurara ba."

Ya Allah, ka san abin da bakin bawanka Iro ya faɗa, ka san abin da aka faɗa da shi. Ka yi masa hisabi da nasa kaɗai, ka jiƙansa, ka haskaka kabarinsa. Ka ba Inna haƙuri, don ni nawa ya kusa ƙarewa. Amin.