Tela da Makafin 'Yan Kwikwiyo

Tela ya shekara talatin yana ɗinki a shagon da ke ƙofar gidansa, kuma duk unguwa an san ba ya ga maciji da kare. Sai ga wata karya ta zaɓi kwandon ƙyallayensa ta zuba 'ya'ya biyar a ciki.

Ya ɗauko tsintsiya zai kore su, sai ya lura duk idanunsu a rufe suke.

"Uwar yara, zo ki ga ikon Allah! Su biyar, duk makafi!"

Kafin matar ta buɗe baki, ya rungumi kwandon ya nufi wurin likitan dabbobi, karyar na biye da shi tana haki. Likita ya yi dariya har da hawaye.

"Baba, ai haka ake haihuwarsu. Ka ba su mako biyu."

Ya dawo da kwandon shago a kunyace. Amma kullum da safe sai ya durƙusa, ya gyara tabarau, yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ƙaramin ya buɗe ido, tela ya bar ɗinki ya zaga maƙwabta yana ba da albishir.

Da haƙoransu suka fito, sai suka cinye rabin ƙafar sabon wandon wani malamin makaranta. Tela ya sa almakashi ya daidaita ɗaya ƙafar, ya yi kalmasa, ya miƙa masa gajeren wando.

"Malam, yanzu irinsa ake yayi."